Yadda ake buɗe diskin VM da guestfish a gyara shi ba tare da an kunna shi ba

Wata Alhamis bayan isha'i wani ƙanina da muke harkar kwamfuta tare ya kira ni, daga jin muryarsa na san ba lafiya. "Yaya, sabar makaranta ta ƙi tashi, kuma gobe ake raba sakamako." Shi ke kula da kwamfutocin wata makaranta mai zaman kanta, akwai wata tsohuwar kwamfuta a ofis da ya sa mata Linux da KVM, wato abin da ke ba Linux damar gudanar da VM, shi kuma VM kwamfuta ce ta manhaja da ke aiki a cikin wata kwamfutar, a cikin tsohuwar kwamfutar nan kuma akwai VM na Debian wanda duk makin yara da lissafin kuɗin makaranta ke ciki. An ɗauke wuta da rana, batirin inbata ya ƙare, komai ya mutu lokaci guda, da wuta ta dawo uwar kwamfutar ta tashi lafiya lau amma shi VM ɗin sai ya tsaya a baƙin allo yana cewa:

```
Cannot open access to console, the root account is locked.
```

Ya danna Enter ya fi sau 20 abu ɗaya yake maimaita masa, har ya sauke ISO, wato fayil ɗin da ake instolin sistem da shi, zai sake instolin daga farko. Na ce masa dan Allah kar ka taɓa komai, kashe shi ka jira ni. Abin da muka yi a daren nan shi zan bi da ku ɗaya bayan ɗaya, domin na lura mutane da yawa da ke wasa da VirtualBox ko KVM ko VMware ba su san cewa VM ɗin da ya ƙi tashi diskinsa na nan a matsayin fayil ɗaya kwance cikin folda ba, kuma ana iya buɗe fayil ɗin a shiga ciki a duba a kwashe kaya a gyara abin da ya lalace, duk ba tare da an kunna shi ba.

Kayan aikin sunansa guestfish, yana cikin tarin da ake kira libguestfs wanda Richard W.M. Jones na Red Hat ya fara a 2009. Yadda yake aiki shi ne abin da ya fi burge ni, idan ka ba shi fayil ɗin diski ba uwar kwamfutarka ce ke karanta shi kai tsaye ba, a ɓoye yake tada wani ɗan ƙaramin Linux a cikin qemu, manhajar da ke kwaikwayon kwamfuta don VM ya gudana, ya maƙala masa diskin, kai kuma kana rubuta umarni shi ɗan ƙaramin yana aiwatarwa yana dawo maka da amsa. Amfanin haka babba ne. Na farko duk irin diskin da qemu ya sani shi ma ya sani, raw ne ko qcow2 ko vmdk na VMware ko vdi na VirtualBox ko vhdx na Hyper-V. Na biyu idan diskin a lalace yake ko wani ne ya turo maka shi ba ka san me ke ciki ba, duk abin da zai fashe a cikin ɗan ƙaramin zai fashe, kanel ɗin kwamfutarka bai ma san an yi ba. Waɗanda suka taɓa amfani da losetup ko qemu-nbd suka ɗora diskin VM kai tsaye sun san ciwon kan da ake sha musamman in akwai LVM, wato tsarin Linux na haɗa fatishan cikin rukuni mai suna, ka buɗe diskin Ubuntu a kan uwar kwamfutar da ita ma Ubuntu ce sai ka tarar duka biyun sunan rukuninsu ubuntu-vg, daga nan rigima ta fara. Da guestfish babu wannan.

Sauke shi ba wuya. A Debian ko Ubuntu:

```
sudo apt install libguestfs-tools
```

A Fedora ko Rocky ko AlmaLinux sunan fakej ɗin ya sha canzawa, to ni abin da nake yi kawai in ce wa dnf ya nemo min shi da kansa, sannan in ƙara sauran kayan:

```
sudo dnf install /usr/bin/guestfish guestfs-tools
```

Kafin komai ka gwada `libguestfs-test-tool`, zai zubo rubutu mai yawa kar ya dame ka, ƙarshensa kawai za ka duba, in ka ga `TEST FINISHED OK` to kana lafiya. Masu Ubuntu ku kula a nan, Ubuntu na rufe fayil ɗin kanel da ke /boot ta yadda sai root, wato babban akawun mai iko da komai, ke iya karanta shi, shi kuma libguestfs yana buƙatar ya kwafe shi don ya haɗa ɗan ƙaramin Linux ɗinsa, shi ya sa za ka ga ya faɗi da ƙorafin supermin, kayan da ke haɗa ɗan ƙaramin Linux ɗin, tun kafin a je ko'ina. Ko dai ka riƙa sa sudo, ko ka yi `sudo chmod 0644 /boot/vmlinuz*`, amma duk sanda aka sabunta kanel sai ka maimaita. Sannan karon farko yakan ɗan jima saboda yana haɗa kayansa yana ajiyewa a /var/tmp, karo na biyu sai ka ga 'yan daƙiƙu ne. In kuma kullum yana jan ƙafa to duba ko kana da izinin /dev/kvm, in babu qemu zai koma kwaikwayon furosesa da manhaja zalla, aiki zai yi amma sai ka yi haƙuri.

Shawarata ga wanda bai taɓa riƙe shi ba, kar ka fara koyo a kan diskin da abincin mutane ke ciki. guestfish na iya ƙirƙiro maka diskin wasa da kansa:

```
guestfish -N fs:ext4:1G -m /dev/sda1
```

Zai haifar da fayil mai suna test1.img a foldar da kake, ya yi masa fatishan ya shirya shi, ya ajiye ka a gaban wata alama kamar haka `><fs>`, in ka lura kamar ɗan kifi take. A nan ka rubuta `write /gaisuwa.txt "sannu da aiki"` sai `cat /gaisuwa.txt` sai `ll /`, ka yi `mkdir` ka yi `rm` ka ɓata ka gyara son ranka, `help` na nuna maka hanya, `help mount` kuma na bayanin umarni ɗaya, maɓallin Tab ma yana ƙarasa maka suna kamar yadda ka saba a bash. Minti 15 a nan ya ishe ka hannu ya faɗa.

To yanzu ga maganar da nake so ta zauna a kan kowa kafin mu taɓa diskin gaske. Kar ka kuskura ka buɗe diskin VM da niyyar rubutu alhali VM ɗin na kunne. Kanel biyu ne za su riƙa rubutu a wuri ɗaya kowanne bai san da ɗan uwansa ba, kuma ɓarnar ba lallai ta fito a take ba, sai bayan kwana biyu ka ga fayiloli sun zama shara. Sababbin qemu suna kulle fayil su hana ka, za ka ga saƙo mai cewa `Failed to get "write" lock`, in ka gan shi ka gode Allah ka ja da baya, kar ka tafi neman dabarar tsallake shi. Amma kar ka dogara da kullen nan, kai da kanka ka tabbatar:

```
sudo virsh list --all
sudo virsh domblklist makaranta
```

Na farko zai nuna maka ko yana `running` ko `shut off`, na biyu zai nuna maka ainihin fayil ɗin da VM ɗin ke amfani da shi, yawanci a /var/lib/libvirt/images yake. Namu da yake ya maƙale a tsakiyar tashi bai jin `virsh shutdown`, sai muka yi `virsh destroy makaranta`, sunan na da ban tsoro amma ba ya goge komai, daidai yake da zare wayar wuta. VM ɗin da aka dakatar ko aka ajiye yanayinsa shi ma ba a kashe yake ba, yana riƙe da abubuwa a ƙwaƙwalwa da zai dawo ya zuba a diski, sai ka tashe shi ka kashe shi kashewa ta gaske.

Da na isa ofishin abu na farko da na yi shi ne buɗewa don kallo kawai:

```
sudo guestfish --ro -a /var/lib/libvirt/images/makaranta.qcow2 -i
```

`--ro` na nufin komai ka yi ba zai taɓa asalin fayil ɗin ba, yana shimfiɗa wani mayafi na wucin gadi a kai, duk rubutun da aka yi a mayafin yake sauka kuma da ka fita an yar da shi. `-a` shi ne ga diskin, `-i` kuma shi ne ka duba da kanka ka gano wane sistem ne a ciki ka ɗora kowane fatishan a mazauninsa. In libvirt kake amfani da shi, wato manhajar sarrafa VM da `virsh` ke magana da ita, kana iya cewa `-d makaranta` a madadin `-a` da dogon suna, kuma wannan ya fi tsaro don in VM ɗin na kunne ba ka sa `--ro` ba zai ƙi yarda. Bayan 'yan daƙiƙu ya gaishe mu ya rubuto cewa Debian ne, ya nuna /dev/makaranta-vg/root a kan / da /dev/sda1 a kan /boot. Na rubuta `ll /var/www` foldar manhajar makaranta ta fito da ranakunta da komai, yaron nan ya sauke wata ajiyar zuciya ya zauna a kan benci, sai a lokacin na lura ko takalmi bai sa daidai ba, silifas ɗin wanka ne a ƙafarsa.

Wani abu da ke rikita sababbi, a cikin guestfish diski na farko kullum /dev/sda ne ko da shi VM ɗin da kansa /dev/vda yake kiransa, kar ka ɗauka an canza maka wani abu.

In `-i` ya kasa, misali diskin na ajiyar kaya ne kawai babu sistem a ciki, ko ya lalace har ba a gane shi, sai ka bi da hannu:

```
sudo guestfish --ro -a makaranta.qcow2
><fs> run
><fs> list-filesystems
/dev/sda1: ext2
/dev/makaranta-vg/root: ext4
/dev/makaranta-vg/swap_1: swap
><fs> mount /dev/makaranta-vg/root /
><fs> mount /dev/sda1 /boot
```

`run` shi ke tada ɗan ƙaramin Linux ɗin, in ka manta da shi duk abin da ka rubuta zai ce maka sai ka kira launch tukuna. Kuma dole / ya fara hawa kafin /boot tunda /boot folda ce a cikinsa. In ka ga xfs a jerin amma ya ƙi hawa a kan Debian ko Ubuntu, fakej ɗin libguestfs-xfs ne babu, sauke shi ka sake.

Kafin mu nemi cutar sai da muka fara kwashe dukiya, wannan ɗabi'a ce da nake so kowa ya ɗauka, tunda ƙofa ta buɗu fara fitar da abin da in ya ɓata za a yi kuka:

```
><fs> tar-out /var/www www.tar.gz compress:gzip
><fs> tar-out /var/lib/mysql mysql.tar.gz compress:gzip
><fs> copy-out /etc /root/ceto
```

Na fi son `tar-out` a kan foldar databes saboda yana riƙe mai fayil da izininsa yadda suke, `copy-out` kuma ya fi sauƙi in kana son ka buɗe fayilolin nan take, sai dai foldar da za a zuba a ciki dole ta kasance tana nan tun kafin. Fayil ɗaya tak kuma `download /etc/fstab fstab.tsoho` ya wadatar. Ka riƙe wannan a ka, a umarni irin waɗannan suna ɗaya na cikin diskin ne ɗaya na uwar kwamfutarka, in ka rikice `help download` zai gaya maka wanne ne wanne. In kana son ka leƙa wajenka ba tare da ka fita ba sa alamar motsin rai a gaba, `!ls -lh` zai nuna maka foldarka ta waje, da shi muka tabbatar fayilolin sun sauka da nauyinsu sannan muka tura su filas.

Sai neman dalili. Saƙon da ya gani a allo ba shi ne cutar ba, abin da ya faru shi ne systemd, manhajar da ke jagorantar tashin Linux, ya gamu da matsala ya faɗa yanayin gaggawa, yanayin gaggawa kuma na neman faswod ɗin root, shi kuma lokacin instolin ya bar wurin faswod ɗin root fanko yana amfani da sudo, Debian ta kulle akawun ɗin, to ka ga an rufe ƙofa da makulli a ciki. Abin da ke jefa sistem cikin wannan hali bayan ɗaukewar wuta yawanci biyu ne, ko fayil sistem ya ɗan tabu yana son a duba shi, ko akwai wani layi a /etc/fstab, fayil ɗin da ke jera diskokin da za a ɗora lokacin tashi, da ke kiran diskin da babu shi. Na yi `cat /etc/fstab` sai ga layi na ƙarshe:

```
UUID=... /mnt/bakof ext4 defaults 0 2
```

Na ce wannan fa? Ya ce ai hadis (hard disk) ɗin waje ne da ya haɗa watanni 3 da suka wuce don ajiyar bakof, ranar Litinin aka cire shi aka kai wani ofis. Shikenan an gano. Tun Litinin ɗin matsalar ke kwance tana jira, VM ɗin bai sake tashi ba sai yau, da ya tashi ya nemi diskin ya jira daƙiƙa 90 bai gan shi ba sai ya tsaya cak. Don ka tabbatar ba zato kake ba, `vfs-uuid /dev/sda1` na ba ka lambar kowane fatishan ka gwada da abin da ke fstab, wadda ba ta da mai ita ita ce ɓarauniyar. In kuma fstab ɗinka lafiya yake sai ka koma ga log, daga waje `sudo virt-log -a makaranta.qcow2 | tail -n 100` na karanto maka har da na journald wanda `cat` ba ya iya karantawa, a ciki kuma `df-h` na nuna ko diski ne ya cika, wanda shi ma yana hana abubuwa da yawa tashi.

Yanzu za a yi rubutu, to sai an yi kwafi. In akwai wuri, `cp --sparse=always makaranta.qcow2 makaranta.kafin-gyara.qcow2` ya isa. Mu ba mu da wuri, diskin uwar kwamfutar saura kaɗan ya cika, sai na yi dabarar da nake ƙauna ƙwarai, wato ka ɗora sabon fayil siriri a kan tsohon:

```
sudo qemu-img create -f qcow2 -F qcow2 -b /var/lib/libvirt/images/makaranta.qcow2 /var/lib/libvirt/images/gwaji.qcow2
```

Wannan gwaji.qcow2 ɗin bai kai ko megabait 1 ba a farko, yana karanta komai daga tsohon amma duk canji a cikinsa yake zama. Ka yi gyaranka a kansa, ka nuna wa VM shi ka gwada tashi, in ya yi kyau ka kashe VM ɗin ka yi `qemu-img commit gwaji.qcow2` canjin ya sauka cikin na asali ka mayar da VM kan na asali, in ya ɓaci ka goge shi ka sake wani, ba ka yi asarar komai ba. Sharaɗi ɗaya ne, muddin siririn na aiki kar a taɓa na ƙasan. `-F` ɗin nan kuma irin tsohon fayil ɗin ne, in ba ka tabbata ba `qemu-img info` zai gaya maka, kar ka yarda da wutsiyar suna don na sha ganin fayil mai .img wanda cikinsa qcow2 ne.

```
sudo EDITOR=nano guestfish --rw -a gwaji.qcow2 -i
><fs> cp-a /etc/fstab /etc/fstab.tsoho
><fs> edit /etc/fstab
><fs> cat /etc/fstab
><fs> exit
```

`edit` na sauko da fayil ɗin ya buɗe maka shi a editan kwamfutarka, da ka ajiye ka fita sai ya mayar da shi. In ba ka faɗi edita ba vi zai buɗe, wanda bai saba da vi ba ya sa nano kamar yadda na yi. Ban goge layin ba, `defaults` na mayar `defaults,nofail`, ma'ana in diskin na nan a ɗora shi in ba ya nan a wuce a ci gaba da tashi. Duk diskin da ake cirewa ana mayarwa ya kamata a ce yana da wannan kalmar tun ranar farko. Bayan `exit` ka jira sai alamar tamina ɗinka ta dawo, a lokacin ne ya gama zuba komai ya rufe diskin, kar ka yi gaggawar tada VM a wata taga.

Tunda wuta ce ta yanke masa aiki na ce bari mu duba fayil sistem ɗin ma gaba ɗaya. Wannan ana yin sa ne ba a ɗora fatishan ba, don haka babu `-i`:

```
sudo guestfish --rw -a gwaji.qcow2
><fs> run
><fs> e2fsck /dev/makaranta-vg/root correct:true
```

`correct:true` na gyara ƙananan abubuwan da babu haɗari, in ya ce abin ya fi ƙarfinsa akwai `forceall:true` mai amsa e ga kowace tambaya, amma wannan kar ka yi shi sai kana da kwafi a hannu don yana iya yanke abin da kake so. Na xfs kuma `xfs-repair` ne. Namu ya wuce shiru, muka tada VM, kafin minti 1 ga shafin shiga na makaranta a burauza. Ƙarfe 11 saura muka rufe ofis.

Sauran abubuwan da ake yawan kira na a kansu, na farko mantuwar faswod. Ana iya yi da hannu, ka samar da sabon hash, wato faswod ɗin a murɗe yadda sistem ke ajiye shi, da `openssl passwd -6` ka yi `edit /etc/shadow` ka musanya abin da ke tsakanin alamar `:` ta farko da ta biyu a layin mutumin, amma kuskuren harafi ɗaya a fayil ɗin nan na iya rufe kowa a waje, don haka na fi son ɗan uwan guestfish mai suna virt-customize ya yi min, ga yadda ake canza na root:

```
sudo virt-customize -a diski.qcow2 --root-password file:/root/sirri.txt
```

Ka rubuta faswod ɗin a cikin sirri.txt ka goge bayan ka gama, ya fi ka rubuta shi a fili ya zauna a tarihin bash. Kuma a nan ya kamata mu gaya wa juna gaskiya, ka ga yadda abin ya zo da sauƙi ko, to haka yake da sauƙi ga duk wanda ya samu fayil ɗin diskinka, faswod ɗin shiga ba ya kare komai daga wanda ke riƙe da fayil ɗin. In aka ba ka amanar saba ka buɗe abin da aka ce ka gyara kawai, kuma da sanin mai shi. In kai ne mai diskin kuma akwai sirrin mutane a ciki ka rufe shi da LUKS, tsarin Linux na ɓoye abin da ke diski da kalmar sirri, guestfish da kansa in ya tarar da LUKS tsayawa yake ya tambaye ka kalmar buɗewa, in babu ita babu shiga.

Na biyu sa makullin SSH, wato hanyar shiga saba daga nesa, ko gyara sudoers, fayil ɗin da ke faɗin wa ke da izinin sudo, in an ɓata shi. A nan akwai rami guda da kusan kowa ke faɗawa, `chmod` na guestfish sai ka sa sifili a gaba, `chmod 0600` ba `chmod 600` ba, in ka bar sifilin zai ɗauki lambar a lissafin goma-goma ya ba ka wani izini na daban da ba ka nufa ba. `chown` kuma lamba yake ci ba suna ba, sai ka duba /etc/passwd na cikin diskin ka ga lambar mutumin:

```
><fs> mkdir-p /home/admin/.ssh
><fs> upload makulli.pub /home/admin/.ssh/authorized_keys
><fs> chmod 0700 /home/admin/.ssh
><fs> chmod 0600 /home/admin/.ssh/authorized_keys
><fs> chown 1000 1000 /home/admin/.ssh
><fs> chown 1000 1000 /home/admin/.ssh/authorized_keys
```

Ka sani `upload` na danne abin da ke wurin, in akwai makullan wasu a ciki `edit` za ka yi ka ƙara naka a ƙasa. /etc/sudoers kuma a bar shi a 0440. In VM ɗin na dangin Red Hat ne, Fedora ko Rocky ko Alma ko CentOS, akwai SELinux, tsarin tsaro da ke maƙala wa kowane fayil tambari, sabon fayil ɗin da ka jefa daga waje ba shi da tambarin da ya dace, sai ka ga izini daidai komai daidai amma SSH ya ƙi ka. Kafin ka fita ka yi `touch /.autorelabel`, tashin farko zai ɗan jima yana bin fayiloli yana gyara tambari sannan ya sake tashi da kansa, ka bar shi ya gama.

Windows ma yana buɗuwa, kuma yawanci don kwashe fayilolin mutum ne daga VM ɗin da ya mutu. Drive C shi ne /, to `ll /Users` zai nuna maka mutane, sai dai a nan babban harafi da ƙarami ba ɗaya ba ne, in ba ka tuna yadda aka rubuta ba sa `win:` a gaba cikin alamar zance guda, kamar `ll 'win:c:\users'`, zai nemo da kansa. In Windows ɗin barci ya yi ko Fast Startup na kunne to bai rufe NTFS da kyau ba, karatu zai yiwu amma rubutu zai ƙi, kuma daidai ne ya ƙi, kwashi kayanka da `--ro` ka bar shi.

Masu VirtualBox da VMware ku kula da sinafshot, wato ajiye yanayin VM na wani lokaci don a iya komawa gare shi. In ka taɓa ɗaukar sinafshot, babban fayil ɗin .vdi ya daskare a ranar da ka ɗauka, sabon aikinka na cikin foldar Snapshots, sai mutum ya buɗe babban ya ga babu aikin wata 6 hankalinsa ya tashi alhali komai na nan. Ka fara haɗe su da `VBoxManage clonemedium` kana nuna masa fayil ɗin sinafshot na ƙarshe, ya fitar maka da cikakken diski guda, shi za ka ba guestfish. A VMware in ka ga diskin a yanke gunduwa-gunduwa da -s001 da -s002, ɗan ƙaramin .vmdk marar lamba shi ake nunawa. Fayil ɗin .ova kuma tar ne kawai, `tar xf` ka fito da vmdk ɗin ciki.

Da hannunka ya faɗa za ka daina shiga ciki ma, a layi ɗaya za ka riƙa aika saƙo kana raba umarni da `:` mai fili gaba da baya:

```
sudo guestfish --ro -a diski.qcow2 -i cat /etc/hostname : df-h
```

ko ka jera su a sikirif ka bi VM 10 da madauki ɗaya. Alamar tauraro ba ta aiki haka kawai sai ka sa `glob` a gaba, misali `glob rm /var/log/*.gz` in diski ya cika da tsofaffin log. Akwai `command` da `sh` masu gudanar da manhajar da ke cikin diskin kanta, suna da amfani amma kar ka yi su a kan diskin da ba ka yarda da shi ba. Wanda kuma ya fi son ya ga fayiloli a folda ya ja da linzami, `guestmount --ro -a diski.qcow2 -i /mnt/duba` zai shimfiɗa masa su, in ya gama ya rufe da `guestunmount /mnt/duba`.

In abu ya ƙi kuma ba ka gane dalili ba, a Fedora da danginta mafi yawan lokaci `Permission denied` ne saboda libguestfs na bi ta libvirt, shi kuma qemu na gudana da wani akawun da ba ya iya leƙa foldar gidanka, sai ka ce masa ya bi kai tsaye:

```
sudo LIBGUESTFS_BACKEND=direct guestfish --ro -a diski.qcow2 -i
```

A cikin layin sudo ɗin za ka sa shi kamar haka, in ka yi export a waje sudo na zubar da shi. In har yanzu ya ƙi, ƙara `-v -x` a umarnin ka tura abin da ya fito cikin fayil, za ka ga ɗan ƙaramin Linux ɗin na tashi layi bayan layi da kowane umarni da aka aika masa, layuka 30 na ƙarshe kafin ya mutu a nan dalilin yake, kuma su ne za ka tura wa duk wanda kake neman taimakonsa tare da abin da `libguestfs-test-tool` ya fitar.